RESHEN DA BAI SAN TUSHENSA BA



Maƙalar wannan makon za ta sosa wa wasunmu inda ba ya yi musu ƙaiƙayi, kuma ban zo da niyyar ba da haƙuri ba. Tambaya ɗaya zan fara da ita, kowa ya amsa wa kansa. Idan yau wani kamfanin ɗab'i ya ce ka kawo littafinka gobe da safe, wane kwafi za ka miƙa? Wanda ke cikin manhajar rubutu ta wayarka? Wanda ka riƙa saki shafi-shafi a WhatsApp? Wanda ka gyara a Facebook bayan masu karatu sun yi maka ca? Wanda wata baiwar Allah ta tattara ta mayar da shi dokumen tana rabawa? Ko kuwa wanda ke kwamfutar mai buga takardu a cikin gari, wanda ya sauya maka ƙa'idar rubutu yadda ya ga dama?

Idan sai ka tsaya dogon tunani kafin ka amsa, to ba ka da littafi tukuna. Tarin kwafe-kwafe gare ka, kowanne yana da'awar shi ne na gaskiya, kai kanka ba za ka iya raba musu gardama ba.

Abin da nake son kafawa shi ne wannan: duk kwafin da aka cira daga rubutunka, tun ranar da aka cire shi ya wajaba a san wa yake bi, daga ina yake karɓar gyara, kuma ina gyaran da aka yi a cikinsa zai koma. Marubucin da bai tsayar da wannan ba sakaci ya yi, kuma kaso mai yawa na kukan da muke yi cewa "an lalata mini littafi" da hannunmu muka jawo shi.

YADDA ƁARNAR TAKE FARUWA

Mu bi littafi ɗaya tun daga haihuwarsa. Marubuciya ta fara labari a wayarta, tana sakin shafi biyu kullum a guruf ɗin masoyanta. A shafi na 12 ta ce kawun jarumar ya rasu a hatsarin mota. A shafi na 47 sai ga kawu zaune yana karɓar sadaki. Masu karatu suka ankarar da ita, ta shiga Facebook ta gyara, don can ana iya taɓa rubutu ko bayan wata guda. WhatsApp kuwa minti 15 kacal yake ba ka ka gyara saƙo, kuma shafin ya riga ya bazu gurufa-gurufa, ba mai iya kamo shi. Na cikin wayarta ta manta ba ta taɓa ba. Littafi ya zama uku ke nan.

Mai karanta littattafai a YouTube ya ɗauki na WhatsApp, ya tsallake wuraren da ya ga sun yi masa tsawo. Ya zama huɗu. Da ta tashi bugawa sai ta tura wa mai gyara na cikin waya, wato wanda kawu ke mutuwa ya dawo. Mai gyara ya kwana bakwai yana haɗe "da ga" ya koma "daga", yana sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, ita kuma a cikin waɗannan kwanaki ta sake rubuta babi uku na ƙarshe a nata kwafin. Ranar da ya dawo mata da aikinsa sai ta tarar da zaɓi biyu: ko ta ɗauki gyaransa ta zubar da sabon ƙarshenta, ko ta riƙe ƙarshenta ta yi asarar kuɗin gyara. Hanya ta uku ita ce ta zauna ta bi layi-layi tana gwama kwafi biyu, abin da kusan ba mai yi.

Littafin haɗaka ya fi wannan muni. Mutum shida, kowa da babinsa, kowa da kwafinsa na babin ɗan uwansa. Wanda zai rubuta babi na biyar ya ɗora a kan tsohon babi na huɗu, bai san an canja sunan garin ba. A ƙarshe a yi ta zargin juna, zumunci ya lalace, alhali ba wanda ya yi ha'inci. Ba a dai faɗa wa kowa wane kwafi ne uwa ba.

MASU RUBUTA MANHAJA SUN RIGA MU SHAN WANNAN WAHALA

Mutanen da suke rubuta manhajar kwamfuta su ma marubuta ne ta wata fuska: dubban layuka, hannaye da yawa, gyara ba dare ba rana. A watan Afrilu na 2005 Linus Torvalds, mutumin Finlan da ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta wata manhaja mai suna Git don ta riƙa adana tarihin kowane gyara da aka yi wa aikinsu. Bayan 'yan watanni ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano. Kyauta ce, kuma a yau ita ce mafi yawan masu wannan sana'a suke amfani da ita.

Ga yadda take aiki a taƙaice. Aikinka yana zaune a rumbu. Duk lokacin da ka yi gyara ka gamsu, sai ka ajiye shi da ɗan bayani, Git ta rubuta wa ya yi, yaushe, kuma me ya canja daga na baya. Idan kana son gwada wani abu ba tare da ka taɓa babban aikin ba, sai ka fitar da reshe. Marubuci zai iya fitar da reshe don mai gyara, wani don gwada ƙarshen da jaruma ba ta mutu ba, wani don taƙaitaccen kwafin da za a karanta a rediyo. Yawanci akwai rumbu biyu: na gida a na'urarka, da na nesa a intanet, inda ku da abokan aikinku kuke haɗuwa.

Kowane reshe ana iya ɗaura masa wani reshen da zai riƙa bi. Turawa suna kiran wannan da kalmar da ke nufin saman kogi, inda ruwa ke gangarowa. Ni zan kira shi tushe. Ɗaurin layi biyu ne kawai a fayil ɗin saiti: ɗaya yana faɗin wane rumbu, ɗaya yana faɗin wane reshe a cikin rumbun. Amma da waɗannan layuka biyu, duk lokacin da ka tambayi Git halin da kake ciki za ta ce maka ka wuce tushenka da gyara uku, ko tushenka ya wuce ka da biyu, ko kun rabu kowa ya kama hanyarsa. Idan ka ce ta jawo sabon abu, ta san inda za ta ɗebo. Idan ka ce ta tura, ta san inda za ta kai. Da marubuciyarmu da mai gyaranta suna da wannan, tun rana ta biyu da ya ga cewa uwa ta motsa.

A lura da bambanci ɗaya. Inda reshe ya fito daban, wanda yake bi daban. Na farko Git tana riƙe shi ko ba ka ce ba, domin kowane gyara yana ɗauke da alamar wanda ya gabace shi. Na biyu kuwa shawara ce, wani ne zai yanke ta. Tambayar ita ce: idan aka fitar da sabon reshe ba a ce komai ba, wa zai bi?

Akwai saiti guda da ke amsa wannan tambaya, sunansa branch.autoSetupMerge, kuma yana da zaɓi biyar.

Na farko shi ne true, wanda Git take zuwa da shi. Idan ka fitar da reshe daga wani reshen rumbun nesa, sabon zai bi wancan. Idan daga reshen gida ka fitar, ba ya bin kowa.

Na biyu false: kada a ɗaura wa kowa tushe sai an faɗa da baki.

Na uku always: duk inda ka fito shi za ka bi, na gida ne ko na nesa.

Na huɗu inherit: sabon reshe ya gaji tushen wanda ya haife shi. Wato jika ya bi kaka kai tsaye. Wannan ya shigo a Git 2.35, a watan Janairu na 2022.

Na biyar simple: a ɗaura tushe idan an fito daga reshen nesa kuma sunan sabon reshe ya zo ɗaya da nasa. In suna ya bambanta, a bar shi sai mai shi ya zaɓa. Wannan ya shigo a Git 2.37, a watan Yuni na 2022.

Ku duba shekarun nan da kyau. Shekara 17 bayan haihuwar Git, ƙwararrun duniya suna nan suna ƙara zaɓi a kan tambayar "sabon reshe wa zai bi?" Mu kuwa da muke fitar da reshe kullum ta Allah, ko tambayar ba mu taɓa yi wa kanmu ba.

INDA NA TSAYA

Ga marubuci, na biyar ne daidai, kuma ga dalilina. A ce ka fitar da reshe daga uwar da ke rumbun nesa, ka sa masa suna gwajin-ƙarshe, don ka gwada kashe jarumi. Da saitin da Git take zuwa da shi, wannan reshe zai ɗauki uwa a matsayin tushensa ba tare da ka ce ba. Ka ce jawo, sai ta zubo maka duk abin da aka canja a uwa cikin gwajinka. Ka ce tura, sai Git ta tsaya ta ƙi, domin tun daga Git 2.0 a 2014 ba ta tura reshe zuwa tushen da sunansu ya saɓa sai an matsa mata. Sabon shiga ya rikice, ya je ya kwafo wani umarni a intanet don ya wuce wurin, sai ga gwajin da bai nuna ba ya faɗa cikin uwar littafi. Jarumi ya mutu a kwafin da za a kai maɗaba'a, alhali gwaji kawai ake yi.

Da simple haka ba ta faruwa. Gwaji yana zama gwaji, ba ya bin uwa sai ka ce ya bi. Idan ka haɗa shi da wani saitin da suka shigo tare a 2.37, wato push.autoSetupRemote, ranar da ka fara tura reshen Git za ta buɗe masa takwaransa mai suna iri ɗaya a rumbun nesa ta ɗaura su. Layi biyu ne, sau ɗaya ake rubuta su:

git config --global branch.autoSetupMerge simple
git config --global push.autoSetupRemote true

Akwai rassan da ya kamata su bi uwa, kamar kwafin mai gyara da kwafin rediyo, domin duk kuskuren da aka kama a uwa su ma suna bukatar gyaransa. Irin waɗannan ka ɗaura musu tushe da hannunka, kana sane. Ko a sallah, mamu tun a kabbarar harama yake ƙulla niyyar bin liman, ba sai an kai raka'a ta uku ba. Haka nake so mu riƙa yi wa kwafi: ranar da aka cire shi a faɗi wa yake bi.

WANNAN BA BAƘON ABU BA NE A ƘASARMU

Na san akwai mai cewa, "Malam, wannan ai harkar 'yan kwamfuta ce, mu adabi muke yi." Mu mutanen Dandin Mahe da Shagari da Boɗinga mu ne ya fi kamata mu ji kunyar faɗin haka. Nan kusa da mu, a Sifawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga. Ba maɗaba'a, ba lantarki, kowane littafi da hannu ake kwafe shi, amma ayyukansu sun iso mu da sunayen masu su bayan shekara ɗari biyu. Ta yaya?

Ta hanyar ladabin da mu muka yar. Mai kwafe littafi idan ya kai ƙarshe yakan rubuta sunan littafin da na mawallafinsa, sau da yawa har da nasa sunan da na wanda aka kwafe wa. Takardun ba a ɗinke suke ba, a tadarishi ake naɗe su a sa a gafaka, don haka a ƙasan shafi akan rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, yadda ko iska ta watsa su za a iya mayar da kowanne wurinsa. Ɗalibi yakan karanta kwafinsa a gaban malami, inda ya kauce a tsayar da shi ya gyara. Idan ya sauke aka ba shi ijaza, akan jero masa silsilar waɗanda aka karɓo littafin daga gare su. Malam Abdullahi littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don kawai ya faɗi malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gun kowanne.

Ku dubi tahmisi. Mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora nasa ɗango uku a gaba, ya bar na mai shi yadda yake. Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu haka take: asalin na Alfazazi, tahmisin na Ibnu Mahib, kuma malamai sun san na wane ne wane. Waƙar Tabbat Haƙiƙa hannu uku ta bi: Shehu ya yi ta da Fillanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahmisi. Reshe a kan reshe, kuma har yau ana iya bin sawun kowanne zuwa tushensa. Wannan riƙo ne, tare da taskar da gidan Waziri Junaidu ya adana, ya ba Jean Boyd da Beverly Mack damar tattara ayyukan Nana Asma'u su buga a 1997.

Ba kowace takarda ce ta samu wannan gata ba. Akwai waƙoƙi da yawa da suka iso mu ba suna, ba shekara, masana suna ta jayayya a kan mai su. Waɗannan su ne rassan da aka cira ba a faɗi tushensu ba. Littattafanmu na intanet, in ba mu canja hali ba, a wannan sahun za su tsaya, kuma ba sai an jira shekara ɗari biyu ba. Tun yanzu akwai dokumen ɗin da ke yawo an yanke sunan marubuciya, an ɗora na wata, shafi goma sun ɓace a tsakiya.

Abin takaici, ba wuri muka rasa ba. Ku buɗe kowane shafin littafin WhatsApp ku gani: tambarin ƙungiya da takenta, furanni da taurari jere-jere, sadaukarwa ga aminai, gargaɗi ga maƙiya, lambar asusun biyan kuɗi. Rabin allo ya tafi kafin a fara labari. Amma layi ɗaya da zai ce wannan siga ta nawa ce, an sake ta yaushe, ina ake samun ta gaskiya, babu shi. Ƙungiyoyinmu sun tilasta tambari, ba su tilasta tushe ba.

UZURORIN DA ZA A KAWO

"Ni da waya nake rubutu, ba ni da kwamfuta, kuma sabis a garinmu sai a hankali." Git ba ta bukatar intanet don ta yi aiki; ajiye gyara, fitar da reshe, duba tarihi, duk a cikin na'urarka suke. Sai lokacin turawa ko jawowa kake bukatar sabis, kuma rubutu zalla ba ya cin data. A wayar Android ana iya sa ta cikin manhajar Termux. GitHub, wanda aka kafa a 2008, tun 2019 yake ba da rumbun sirri kyauta, wanda ba mai gani sai wanda ka gayyata. Sharaɗi ɗaya: Git ta fi jin daɗin rubutu zalla, domin layi-layi take gwamawa, fayil ɗin Word za ta adana shi, amma ba za ta nuna maka wace jimla aka canja ba. To amma ko da ka ce duk wannan ya fi ƙarfinka, ka ji, ban ce dole sai ka sa Git ba. Masu kwafe littafi a Sifawa ba su da ita. Ɗabi'ar nake kira a ɗauka, manhajar sauƙaƙawa kawai take yi.

"Wannan tsari zai kashe mini ilhama." Akasin haka ne. Wanda ya san uwar littafinsa tana ajiye lafiya shi ne yake da ƙarfin halin yaga babi guda ya sake, ya kashe jarumi ya ga yadda za ta kaya, in ba ta yi ba ya dawo. Wanda kwafinsa ɗaya ne tilo, kuma a kansa yake gogewa yana sakewa, kullum a tsorace yake rubutu, domin abin da ya goge ya tafi ke nan.

"Ai ba zai hana ɓarawon rubutu sata ba." Gaskiya ne, ba zai hana ba. Kuma kwanan watan da ke cikin Git shi kaɗai ba hujja ba ce da ba a iya ja da ita, tunda ana iya sauya agogon na'ura. Amma ranar da aka zauna gaban shugabannin ƙungiya ana rabon gardama, ka zo da tarihin yadda labarin ya girma, daga tsarin farko zuwa babin da ka zubar zuwa sunan da ka canja, shi kuma ya zo da gamammen dokumen guda ɗaya, mai hankali ya san inda zai karkata. Ɓarawo 'ya'yan itace yake tsinka, ba ya iya nuna saiwa.

"Littafina yana ajiye a dandalin da nake sayarwa, me zan ji tsoro?" OkadaBooks, dandalin da marubutan Nijeriya da dama suka dogara da shi, ciki har da na Hausa, an kafa shi a 2013, ya rufe a ƙarshen 2023. Asusun Facebook ana kwace shi, lambar WhatsApp ana rufe ta, waya tana faɗawa ruwa ko a fizge ta a tasha. Dandali reshe ne, kasuwa ce da ka kai kaya. Ba a mayar da rumfar kasuwa rumbun gida. A nan ma Git tana da darasi: duk wanda ya kwafi rumbu ya kwafi tarihinsa gaba ɗaya, don haka rushewar rumbun nesa ba ta cinye aikin muddin na gida yana nan.

ABIN DA NAKE KIRA A YI

1. Kowane littafi ya samu uwa guda ɗaya tak. Fayil ɗaya, wuri ɗaya, da kwafin ajiya a wani wurin daban. Duk sauran rassa ne, har da wanda aka buga a takarda.

2. Gyara daga uwa yake farawa. In mai karatu ya nuna maka kuskure, kada ka fara da Facebook. Gyara uwa tukuna, sannan ka gangaro da shi ga rassan da ke bin ta.

3. Duk kwafin da zai bar hannunka ya ɗauki layi uku a samansa: daga wace siga aka cire shi da kwanan wata, don me aka cire shi, kuma gyaransa ina zai koma. In gwaji ne da ba ya bin kowa, a rubuta haka.

4. Idan kwafi yana hannun mai gyara, ko dai ka ɗaure hannunka daga babukan da yake aiki a kansu, ko ka sanar da shi a ranar da ka taɓa su. Babi-babi za ka riƙa ba shi, kowane babi a fayil ɗinsa, don in an samu karo ya tsaya a wuri ɗaya.

5. A littafin haɗaka a naɗa mutum ɗaya mai riƙe da uwa tun kafin a rubuta kalmar farko. Ba wanda zai fara babinsa sai ya karɓi siga ta ƙarshe daga hannunsa, kuma ba wanda zai saki shafi sai ya bi ta wurinsa.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu kuma, da girmamawa: yadda kuka iya sa kowane memba ya ɗora tambarinku a kan shafinsa, haka za ku iya sa shi ya ɗora lambar siga da kwanan wata. A taron bita na gaba a rage awa ɗaya daga jawaban godiya, a zaunar da sababbin marubuta a nuna musu yadda ake riƙe uwar littafi. Muna da matasa a cikinmu da suka karanci kwamfuta a kwalejojin kimiyya da fasaha, za su koyar da wannan ba tare da an biya su ko sisi ba in an nema.

Ku kuma masu tattara littattafan mutane kuna mayarwa dokumen, in ma da izini kuka yi, ku ji tsoron Allah ku rubuta daga ina kuka kwaso, yaushe, kuma shafi nawa ne. Mai kwafe littafi na da yakan rufe aikinsa da roƙon gafara ga kansa da mawallafi. Ku ko sunan mawallafin ba ku bari.

Aikin wannan makon ba shi da wuya. Kowa ya ɗauki littafinsa guda ɗaya, ya tattaro duk kwafin da ya sani, ya zaɓi uwa, ya sa mata suna da kwanan wata, sauran kuma ya rubuta wa kowanne matsayinsa. Wanda ya tarar kwafinsa sun wuce biyar kada ya ɓoye, ya faɗa mana, don na baya su ɗauki darasi. Wanda kuma yake ganin akwai saitin da ya fi simple dacewa da marubuci, ko yake ganin duk maganar ba ta da amfani, ya kawo hujjarsa, ina saurare.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya jiƙan magabatanmu da suka riƙe mana amanar rubutu.